Taga ta Tara

A gidan Auta akwai mutum ɗaya da ba ya kwana a can, ba ya cin abincin gidan, amma duk abin da ya lalace shi ne mai laifi. Ɗan kwangila ne. Shi ke gina sabon gidan da suka saya a wani rukunin gidaje a bayan gari, kuma tun ranar da ya ce musu saura sati biyu sunansa na gaskiya ya ɓace, kowa Sati Biyu yake kiransa. In ruwan famfo ya ɗauke, laifin Sati Biyu ne, don da ya gama aikinsa da ba sa zaune a benen haya. In yara suka yi faɗa a kan filo, Sati Biyu ne. Har ranar da gishiri ya yi yawa a miya, matar Auta cewa ta yi tunanin mutumin nan ne ya sa hannunta ya zarce.

Wadda ta fi kowa jin haushinsa ita ce Gwaggo, yayar Auta. Tela ce, ta fi shekara talatin tana taka keke. Mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, Auta shi ne ƙanin kuma shi ne ɗan, don a bayanta ya girma. Ita ta sayar da ɗan gidanta mai shago a gaba ta zuba kuɗin a wannan ciniki, a kan sharaɗi ɗaya tak. Ɗakin gaba na kusa da ƙofa nata ne, mai banɗaki a ciki da babbar taga mai kallon titi, inda za ta kafa kekenta masu kawo ɗinki su riƙa miƙo kaya ba sai sun ratsa gidan mutane ba.

Ranar da aka yi maganar, Auta dafa ƙirji ya yi. "Haba Yaya, in ban ba ki ɗakin nan ba, wa zan ba?"

Tambaya ce mai kyau, kuma daga baya an samu amsarta.

Sau ɗaya Gwaggo ta je wurin ginin, lokacin bulo ya kai saman tagogi, ba a yi rufi ba. Ita ba ta yarda da tef ɗin awo ba. Takan ce lamba tana zamewa daga kai, amma ƙulli ba ya mantuwa. Tana da wata doguwar igiya da ta yanko daga gefen yadi, da ita take auna komai, daga kafaɗar mutum har rigar kujera. Ta miƙa igiyar a bakin tagarta, ta yi ƙulli ɗaya na faɗi, ta yi ɗaya na tsawo. Sannan ta zaga gidan tana ƙirga ramukan tagogi da yatsa, kamar yadda tela ke ƙirga ramin maɓalli, ta samu tara har da tata. Leburori suka yi ta dariya wai ga injiniya ta zo duba aiki, ita ma ta taya su.

Abu na ƙarshe da ta ɗinka a tsohon shagonta shi ne labulen wannan taga. Shuɗi ne mai kauri, ta yi masa shafi a ciki don kada rana ta cinye launin. Ta ninke shi ta sa a ƙasan akwati tare da igiyar, ta hau motar kaya zuwa gidan ƙaninta, zaman sati biyu.

Gidan hayar yana hawa na uku, ɗaki biyu da falo, matakala hamsin da takwas. Gwaggo ta san adadin, don gwiwoyinta ne suka ƙirga. Aka sa ta a ɗakin 'yan matan Auta su uku. Keken ɗinkin kuwa aka ce babu wurinsa a sama, ga shi maƙwabcin ƙasa ba ya son ƙara, sai aka tura shi ƙarƙashin matakala aka lulluɓe da tampol.

"Na ɗan lokaci ne, Yaya," in ji Auta.

Wata na farko ya shige. Auta ya dawo daga ofis ya jefa jaka a kujera ya ce siminti ya yi tsada, mutumin ya tsaya. Wata na biyu ruwan sama ne ya hana zuba kankare. Wata na uku kwanon rufin da aka kawo ba shi aka ce ba, an mayar. Duk lokacin da ya kawo labari sai ya riƙe kai ya ce, "Mutumin nan shi zai kashe ni." Gwaggo kan tausaya masa har ta manta da nata. Ta ce masa ya yi haƙuri, mahaƙurci mawadaci, ta tashi ta dafa masa shayi.

A wata na huɗu babbar 'yar Auta ta fara shirin jarrabawa. Matar Auta, wadda malamar makaranta ce kuma ta iya jera magana yadda ba za a kama ta da komai ba, ta zo ta zauna a bakin katifar Gwaggo.

"Yaya, wallahi nauyin maganar nake ji. Tarin nan naki ne yake hana ta karatu. Ko za ki ɗan koma falo kafin ta gama? Can ma ya fi iska."

Gwaggo ta koma falo. Falo kuwa na kowa ne. Sai an gama kallon talabijin take shimfiɗa, kuma kafin kowa ya tashi ta naɗe. Da abokan Auta suka zo wata Lahadi suka tarar da katifa jingine a bayan kujera, ɗaya ya tambaya ko baƙi aka yi, Auta ya ji kunya ƙwarai. Kunyar ta dame shi har washegari ya sa aka kwashe buhuna biyu daga siton da ke jikin kicin, aka shimfiɗa wa yayarsa katifa a ciki.

"Nan kin samu sirrinki, Yaya. Ɗakinki ke kaɗai, kafin ɗan iskan nan ya gama."

Siton ba shi da taga. In ta miƙe ƙafa sai ta taɓa jarkar mai, in ta juya sai ta ji warin albasa. Ƙwan lantarki ɗaya ne a sama, shi ne ranarta shi ne watanta. Ta jingina akwatinta a kusurwa, ta ce ba komai, wanda ya yi haƙurin wata huɗu ai ba zai kasa na sati biyu ba.

Masu kawo mata ɗinki sun yi ƙoƙari. Biyu sun hau benen suna haki, suka tarar babu keke, ta karɓi kayansu ta yi musu da hannu. Na uku ta tsaya a hawa na biyu ta yi kira, da ba a ji ba ta juya. Daga nan shiru. Gwaggo ita ma ta rage sauka, don duk saukar da ta yi sai gwiwa ta kumbura kwana biyu. Mutumin da ba ya fita kuwa, a gidan ma'aikata, sunansa mai zaman banza, kuma akan nemo masa abin yi don kada zaman ya gundure shi.

"Yaya, tunda kina zaune, ga wankin yara nan."

"Yaya, tunda kina gida, ki ɗora mana abincin rana."

"Gwaggo, tunda ba inda za ki, ki goge mini kayan makaranta."

Ba ta taɓa cewa a'a ba. 'Ya'yan Auta nata ne. Amma hannun da ya saba da almakashi ya koma jiƙe kullum cikin ruwan sabulu, har fatar yatsun ta soma tsagewa. In ta shiga sito ta rufe ƙofa, baƙin ciki yakan taso mata, kuma tunda dole baƙin ciki ya samu inda zai sauka, sai ta sauke shi a kan Sati Biyu. Ba ta taɓa ganinsa ba, amma ta zana shi a ranta, ƙato mai tumbi da zobba a yatsu. Duk bayan salla sai ta kai ƙararsa. Ta ce Allah ya isa tsakaninta da shi, Allah ya hana shi barci kamar yadda ya hana ta taga.

A wata na biyar Auta ya sayi mota. Ba sabuwa ba ce, amma tana sheƙi, fara tas. Gwaggo ta daure ta sauka matakalar nan hamsin da takwas don ta gan ta, ta shafa jikinta ta sa albarka, har da ƙwalla, don ta tuna lokacin da take goya shi zuwa asibiti a ƙafa. Motar ta kwana a titi, don benen haya ba shi da wurin ajiye mota. Kwana uku aka kankare mata fenti a gefe. Sati guda aka cire madubi ɗaya. Auta ya rame. Yakan tsaya a tagar falo yana leƙen ta kamar mai jinya, ya ce rana tana cin ta, raɓa tana cin ta, baiwar Allah ba ta da inda za ta sa kanta.

Da yamma ɗaya ya sauka ya janye tampol ɗin da ke kan keken ɗinki ya rufa wa motar. Bai ma kai ba, rabi ya rufe.

"Keken ai yana ƙarƙashin matakala, Yaya, ba abin da zai same shi. Da ma yana aiki da kin ɗinka mini rigar mota ta sosai."

Feshin ruwa ya riƙa shiga ƙarƙashin matakalar, ƙafar keken ta soma tsatsa. Gwaggo ba ta gani ba, don ba ta sauka.

Daga nan labaran gini suka canja salo. Auta ya daina kawo su da kansa, sai an tambaye shi. In Gwaggo ta ce, "Auta, ina labarin gida?" sai ya duba waya ya ce wayoyin wuta ake sawa. Wani watan ya ce tayil. Daga baya ya tsaya a kan kalma biyu, ya zauna a kansu wata uku cur: saura fenti. Gwaggo ta ce wannan wane irin fenti ne, ko daga wata duniya ake kawo shi? Ya ce ai ba ta san 'yan kwangila ba ne. Ran Asabar kuma sai ya kwashi matarsa da yara a mota su tafi gaishe da surukai, su wuni, su dawo yara suna ta murmushi suna kallon juna. Ita takan tsaya tsaron gida, tunda gwiwa ba ta barin ta.

A wata na goma wani abin mamaki ya faru. Keken da aka ce babu wurinsa a sama, cikin awa ɗaya aka samo masa wuri. Ƙarti biyu suka ɗauko shi suka dire a falo, kusa da taga, maƙwabcin ƙasa kuma ba a ji ya mutu ba. Matar Auta ta shigo da bandir na yadi ruwan madara da wata takarda a hannu.

"Yaya, albishirinki. An kusa. Labule za ki ɗinka mana, don wallahi kuɗin da teloli suke faɗa ya yi yawa, ga ki a gida."

Gwaggo ba ta ji haushin maganar ba, murna ta hana ta. Ta durƙusa da ƙyar ta kankare tsatsa, ta ɗiga mai a kowace gaɓa, ta taka. Keken ya yi tari, ya yi gardama, sannan ya kama waƙarsa. Ta ji kamar an mayar mata da sunanta. Ta sa tabarau ta ɗauki takardar tana bin awon da yatsa.

"Duka ke nan?"

"Duk tagogin gidan ke nan, Yaya, ba a bar ko ɗaya ba."

"Takwas na gani."

"E, takwas ne."

"Tara ne," in ji Gwaggo. "Ni na ƙirga."

Matar Auta ta ƙifta ido sau biyu. Sannan ta yi dariya ta tafa hannu. "Au! Ai naki kin riga kin ɗinka, shi ya sa ba a sa ba. Kin ga ni da mantuwa." Ta shige kicin da sauri, ta kama wanke tukunyar da aka riga aka wanke.

Amsar ba ta da aibu. Sai dai Gwaggo ta shekara talatin tana kallon fuskar mata in sun ce ɗinki ya yi kyau alhali bai yi musu ba, ta san yadda murmushi yake in an ɗinka shi da gaggawa. Ruwa ba ya tsami banza. Da Auta ya dawo ta tare shi.

"Auta, ka kai ni in sake auna tagata. Na auna ta ba a yi filasta ba, filasta kuwa takan ci taga."

"Yaya, warin fenti zai tayar miki da tari."

"Zan toshe hanci."

"Hanyar ma ta lalace, motar ba za ta shiga ba. Ki bari a gama gaba ɗaya ki gan shi sabo, ya fi daɗi."

Ta ce to. Ran Talata da safe, bayan kowa ya fita, ta ciro igiyarta daga ƙasan akwati ta ƙulle a bakin mayafi. Ta sauka matakalar tana dafa bango, tana hutawa a kowane hawa. Ta tari tasi ta faɗa masa sunan rukunin gidajen.

Hanyar lafiya lau take, har kwalta aka shimfiɗa. Gidajen sun tsaya a jere, an shanya kaya a wasu, wata mata tana ba furanni ruwa. Gwaggo ta gane nasu da wata bishiya da ke gabansa. An yi masa fenti, kuma fentin ya daɗe da bushewa har ƙura ta fara kwanciya a kai. Ta tsaya a titi tana neman tagarta. A inda ta bar ta, wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe ce mai faɗi, an yi mata gangare na siminti zuwa titi.

Ta ɗauka ta yi ɓatan kai. Ta ƙirga gidajen daga farkon layi, ta dawo kan wannan. Ta kwance igiyar ta kafa bakinta a gefen ƙofar ta ja, kamar igiyar ce za ta faɗa mata gaskiya. Ƙullin faɗi ya tsaya ko rabin ƙofar bai kai ba.

"Mama, lafiya? Wa kike nema?"

Wani siririn mutum ne mai furfura a gemu, rigarsa duk ɗigon fenti, fensir a bayan kunne, yana riƙe da kan famfo a hannu.

"Ɗan kwangilar nan nake nema."

"Ga shi a gabanki."

Ta dube shi sama da ƙasa. Babu tumbi, babu zobe. Wata goma tana tsine wa wani mutum dabam.

"Kai ne Sati Biyu?"

Ya yi dariya har ya sunkuya. "Har can sunan ya kai? Ni ne, Mama. Ke ce mai igiya! Yarana sun ba ni labarinki, har yau in za su yi awo sai su ce a kawo igiyar injiniya."

"Ina tagata?"

Dariyar ta tsaya. Ya dubi ƙofar, ya dube ta, ya sosa ƙeya da kan famfon.

"Ba a gaya miki ba?"

"Kai nake tambaya."

"To, Mama, ni ba waliyyi ba ne. Wata huɗu na farko na ja ku, na yi ƙarya, na kwashe ma'aikata na kai wani aikin. Wannan na ɗauka. Amma a wata na biyar na gama gidan nan tsaf, har ɗakinki, har tagar na sa mata gilashi. Sai maigidan ya zo da farar mota ya ce a fasa bangon gaba a yi gareji. Na ce masa, ɗakin tsohuwa fa? Ya ce kun yi magana, ke kika ce ba kya son hayaniyar titi. Sati uku na yi na gama. Yau wata huɗu ke nan da na damƙa masa makullai."

"Wata huɗu."

"Duk Asabar suna zuwa da yara, su shimfiɗa darduma a falo su ci abinci. Ni har na ce masa, Oga, ka biya kuɗin gida kana kuma biyan haya, me kake jira? Ya ce akwai maganar da bai gama shiryawa ba."

Akwai makulli ɗaya a hannunsa saboda gyaran famfo. Ta ce ya buɗe mata, ya buɗe. Ɗakin yana nan da faɗinsa, sai dai an cire tayil an zuba siminti. An rushe banɗakin, an bar kan famfo ɗaya a bango don wankin mota. Wuri ne mai kyau, mai iska, duk motar da ta samu irinsa ta gode wa Allah. Gwaggo ta tsaya daidai inda ta yi niyyar kafa kekenta.

"Ni kuma ina aka ce zan zauna?"

Ya wuce gaba ta bi shi, suka ratsa falo suka shiga kicin. A jikin kicin akwai wata 'yar ƙofa. Ya tura ta ya kunna fitila. Sito ne. An sa wani siririn gado a ciki, katifar ko ledarta ba a cire ba, kuma an yi sabon soket a gefen gadon.

"Shi ya ce in ƙara soket ɗin," in ji ɗan kwangila a hankali. "Wai saboda fanka."

Ta dubi bango huɗun ɗaya bayan ɗaya. Lissafin matar Auta daidai ne, tagogin gidan takwas ne.

Ba ta yi kuka a nan ba. Ta naɗe igiyarta a yatsu, ta fito waje, ta tsaya a inuwar bishiyar. Sannan ta juyo ta fuskanci mutumin.

"Ɗana, ka yafe mini. Wata goma ina kai ƙararka wurin Allah, safe da yamma."

Ya yi murmushi, amma idonsa ya yi ja. "Mama, na wata huɗu ki bar shi a kaina, na ci abina. Sauran shidan ki san inda za ki kai su."

Shi ya tsayar mata da tasi, ya kuma hana ta biya.

Ta hau matakalar a zaune a wasu wuraren, tana jan jiki. Kafin yara su dawo ta ɗora abinci. Ba wanda ya san ta fita. Da Auta ya shigo, ta gaishe shi da aiki kamar kullum, ta ce, "Ina labarin gida?" Ya duba waya ya ce saura fenti. Ta ce Allah ya kawo fentin lafiya.

Kwana shida ta yi tana taka keke. Ta ɗinka labule takwas, ta yi musu shafi, ta goge, ta ninke, ba zare ɗaya da ya karkace, don ba ta iya mugun ɗinki ba ko da ta so. Matar Auta ta ɗaga su tana ta yabo, ta ce hannun Yaya sai Yaya. A rana ta bakwai Gwaggo ta ciro shuɗin labulen daga ƙasan akwati. Ta warware bakinsa, ta sa masa roba a gefe biyu da madauri huɗu.

Ran Asabar da hantsi, Auta ya sauko da iyalinsa cikin kwalliya za su gaishe da surukai, labulen nan takwas a cikin jaka wai za a nuna wa surukan. Suka tarar da Gwaggo a titi, ta riga su sauka. Ta yaye tampol ɗin, ta kafa igiyarta a jikin motar tana ja. Maƙwabta biyu suna tsaye suna kallo, mai shagon ƙasa ma ya leƙo.

"Yaya! Me kika sauko yi da wannan gwiwar? Me kike yi haka?"

"Awo nake."

"Awon me?"

"Mai ɗakin nake aunawa," in ji ta, ba ta ɗago ba. "Tunda ita ta gaji ɗakin, ai ita ke da labulen."

Matar Auta ta sauke jakar hannunta a hankali. Yaran suka sunkuyar da kai. Auta ya matso kusa da ita.

"Yaya, wa ya... Wallahi na yi niyyar gaya miki. Ke ma kin ga yadda ake lalata motar nan a titi. Kuma ba wai an hana ki wuri ba ne, na ɗan lokaci ne, zan sa a fasa miki taga a wancan ɗin, ko a yi miki wani a baya. Na ma yi magana da wani magini, ya ce abin ba zai wuce sati bi..."

Ya ji abin da bakinsa yake shirin faɗa, ya haɗiye sauran.

Gwaggo ta jira shi ko zai ƙarasa, bai ƙarasa ba. Ta kwance ƙulli biyun nan da suka shekara a jikin igiyar, na faɗi da na tsawo, ta sa haƙori a wanda ya ƙi. Sannan ta warware shuɗin labulen ta shimfiɗa shi a kan gilashin gaban motar, ta ja robar, ta ɗaura madaurin a madubi da hannun ƙofa. Ya zauna cif kamar don shi aka yi gilashin. Ta shafa shi da tafin hannu ta baje layin ninki.

"Ka ce in ɗinka mata riga, yadin bai kai ba," ta ce. "Fuska kawai ya rufe. Amma hakan ma ya yi, Auta. Gidan nan ya kamata a samu mai rufe fuska ko da ɗaya ne."

Ta naɗe igiyar ta ƙulle a bakin mayafi, ta juya ta kama bangon matakala. Suna tsaye a titi su biyar, ba wanda ya iya ɗaga labulen, suna jin takunta tana hawa ɗaya bayan ɗaya.